Babi na Bakwai: Ƙarau a Ƙasar Tasawa

A birnin Amstadam na ƙasar Holan akwai wani gidan tarihi da aka daɗe ana kira Tropenmuseum. Cikin ajiyarsa akwai faffaɗan kwalaye kusan 200, kowanne an ɗinke fuskarsa da duwatsun ado na gilashi, layi bisa layi, da lamba a ƙarƙashin kowane dutse. Duwatsun sun haura 20,000. Kwalayen na kamfanin J.F. Sick ne, wanda ya yi cinikin irin wannan kaya a Afirka ta Yamma daga farkon ƙarni na 20 zuwa ƙarshen shekarun 1950. Samfuri ne. Wakilin kamfani a bakin teku zai shimfiɗa kwalin gaban 'yan kasuwa, su nuna wanda suke so, ya aika da lambar Turai, can a Venis a hura wuta.

Duk abin da mai sayarwa yake buƙatar sani yana jikin kwalin: launi, girma, lamba. Wadda ta saya ce babu. Kwalin bai san wuyan da dutsen ya sauka ba, bai san awaki nawa aka kai kasuwa kafin a mallake shi ba, bai san sunan da mata suka raɗa masa ba. Haka abin yake a manyan gidajen tarihin gilashi na duniya. Na tsibirin Murano a Italiya an kafa shi a 1861, na Jablonec a ƙasar Cek a 1904, na Corning a jihar New York ta Amurka a 1951, kuma wannan na ƙarshen ya tara kaya sama da 50,000 da suka ratsa shekara 3,500. Duk a garuruwan masu tanderu aka gina su, don haka labarin maƙeri suke bayarwa. A Tasawa ko Mayahi babu gini mai irin wannan suna. Amma ɗaya rabin labarin, na masu saye da sakawa da adanawa, a nan yake, cikin ɗakunan matan garuruwan Gulbin Kaba: a ƙasan akwati, a cikin kabad, a wuyan tsofaffi.

Gilashi, ko ƙarau kamar yadda manya suka fi cewa, yashi ne da aka narkar. Sai dai yashi tsagwaronsa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, inda wutar itace ba ta kaiwa. Dabarar da mutanen Masar da Iraƙi suka gano fiye da shekara 3,500 da suka wuce ita ce a gauraya shi da kanwa ko tokar wasu tsirrai, sai ya saki jiki a zafin da tanderun laka ke iya riƙewa. Ɗan alli a ciki shi ke hana ruwa cin abin da aka samu. Launi kuwa daga ƙarafa yake zuwa. Kobalt ɗan ƙanƙani ya ba da shuɗi mai duhu, jan ƙarfe ya ba da kore ko ja gwargwadon yadda aka sarrafa wutar, kuza ta ba da fari, zinariya kuma, abin mamaki, ja mai haske take bayarwa. Mu a nan yashi har ya yi mana yawa, kanwa tana kowace kasuwa buhu-buhu, ana ba dabbobi ana jefawa a tukunya. Itace ne ya yi mana ƙaranci, tanderun gilashi kuwa dare da rana yake cin wuta. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa sana'ar ta zauna can kudu inda daji yake, mu muka zama masu saye da fatauci.

Kofi da kwalba ba sa shiri da raƙumi. Tafiyar watanni daga Tarabulus zuwa ƙasar Hausa, ana ɗora kaya da safe ana saukewa da yamma, ba ta barin abu mai fashewa ya iso lafiya sai da rabo. Dutsen ado kuwa ko an taka shi yana nan, ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, ana iya sayar da shi tsinke guda ko ƙwaya ɗaya. Shi ya sa tarihin gilashi a wannan yanki, kafin zuwan jirgin ƙasa, kusan dukkansa tarihin tsakiya ne da awarwaro da ɗan madubi. Ibn Battuta, wanda ya shiga ƙasar Mali a 1352 ya fita ta Takedda, arewa maso yamma da Agadas, a 1353, ya ba da labarin cewa matafiyi a can ba ya wahalar ɗaukar guzuri. Gutsattsarin gishiri da duwatsun gilashi da ɗan kayan ƙamshi sun ishe shi; in ya sauka a ƙauye mata za su fito da gero da nono da kaji a yi musaya. A lura da waɗanda suka fito. Tun a lokacin, mata ne ke yanke wa dutsen gilashi daraja.

Ƙasa ma ta ba da shaida. A Gao Saney, kusa da Gawo, masu tonon tarihi sun fito da ɗaruruwan duwatsun gilashi na tsakanin ƙarni na 8 da na 10, kuma awon sinadarinsu ya nuna Gabas ta Tsakiya. A Igbo-Ukwu, can kudu maso gabashin Najeriya, mai tonon tarihi Thurstan Shaw ya tono duwatsu wajen 165,000, na gilashi da na aƙiƙ. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Durɓi ta Kusheyi, gabas da birnin Katsina, inda tsofaffin kaburburan sarauta suke tsibi-tsibi. Wani Bature mai suna Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake tona wasu a 1992, aka ɗauki abin da ke ciki da ƙasarsa zuwa Mainz a Jamus don a buɗe shi a hankali. An samu zinariya, da hauren giwa, da wuri, da kwanon tagulla na ƙasashen Musulmi na gabas, da duwatsun ado har da na gilashi, na wajen ƙarni na 13 zuwa na 16. Tasawa kuwa ƙasar Katsina ce kafin jihadi, kuma sarautarta reshe ce ta gidan da ya koma Maraɗi bayan faɗuwar birnin. Abin da aka binne da manyan Durɓi, kakannin mutanen nan sun san shi.

An daɗe ana ɗauka cewa duk gilashin da aka tono kudu da Sahara baƙo ne, in ma an sarrafa shi a nan to narkar da na waje aka yi. Ile-Ife ta rushe wannan zato. A wani kurmi da ake kira Igbo Olokun, mai tonon tarihi Abidemi Babatunde Babalola ya yi tono a 2011 da 2012, ya samu duwatsu kusan 13,000 da fasassun tukwanen narki da gilashi ya daskare a cikinsu. Da aka auna, sai aka ga haɗin nasu ya bambanta da na Masar da na Iraƙi da na Turai: alli da yawa, alumina da yawa, irin abin da duwatsun yankin ke bayarwa. Wato tsakanin ƙarni na 11 da na 15 Yarabawa suna yin gilashi tun daga tushe, da nasu haɗin. An kuma ga duwatsu masu wannan haɗi a Gawo da Essouk, a bakin hamada. Ashe ba daga arewa kaɗai kaya ke gangarowa ba, akwai mai hawa daga kudu.

Ife ta daina tuntuni. Bida ce ba ta daina ba. A unguwar Masaga ta birnin Nufawa har yau akwai zuriyar masu ƙarau, waɗanda ke cewa kakanninsu daga Masar suka taso suka biyo ta Barno. Wanda ya shiga rumfarsu zai tarar da tanderun laka a tsakiyar ɗaki, wani na zuga, maza sun kewaye wutar kowa da dogon ƙarfensa. Mai yin awarwaro zai ɗebo narkakken gilashi a bakin ƙarfe, ya naɗa shi zobe, ya ƙwanƙwasa ya saki, sannan ya yi ta juya shi cikin harshen wuta yana buɗa ramin da wani ƙarfen, zoben na faɗaɗa, har ya kai yadda hannun mace zai shiga. Babu mahaɗi a jikinsa, kuma duka aikin bai wuce 'yan mintoci ba. A da su ke dafa nasu gilashin, wani baƙi mai sheƙi da suke kira bikini, daga yashi da kanwar da fatake ke kawowa daga arewa. S.F. Nadel, wanda ya zauna cikin Nufawa a shekarun 1930, ya tarar kwalaben Turawa sun riga sun fara kore shi, don narkar da kwalba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: shuɗiyar kwalbar magani, koriyar kwalba, farar kwalbar man shafawa, kowace da launin da take bayarwa. Sai a 2019 dattawan Masaga suka sake dafa bikini bayan shekaru masu yawa, aka ɗauki aikin a fim, kuma a 2021 UNESCO ta sa Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'ar hannu. Kanwa ta gangara, ƙarau ya hau. 'Yan koli ne suka yi ta shimfiɗa shi a kasuwannin ƙasar Hausa, gefen allura da kwalli da madubi.

A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso Tasawa tare da ayarin gishirin Abzinawa. Ita ce babban garin Hausa na farko da ya gani bayan fitowarsa daga hamada, kuma ta burge shi: ga marina, ga kasuwa, ga gasasshiyar fara cike da ƙore, kowa na harkar gabansa. A nan ya tarar da wani ɗan kasuwa da mataimaka biyar ko shida suna fama da ƙirgar wuri 500,000. Abokin tafiyarsa Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, shi kuma ya bi ta Gazawa da Katsina ya shiga Kano a farkon Fabrairu. A Kano ya zauna ya lissafa kayan Turai da ke kasuwa: akoko daga Manchester, sukari daga Faransa, ruwan takobi daga Solingen, allura da madubi daga Nuremberg, takarda, da duwatsun ado daga Venis da Trieste. Hanyar da wannan kaya ya biyo ita ce wadda Barth ya biyo, ta Gat da Abzin da Damargu, kuma Tasawa na ɗaya daga cikin ƙofofin da ayari ke shigowa ƙasar Hausa ta cikinsu.

Venis gari ne da ke zaune a kan ruwa, gidajensa a cunkushe. A 1291 hukumar garin ta umarci masu tanderu su koma tsibirin Murano saboda tsoron gobara, daga baya kuma ta hana gwanayen barin ƙasar don kada sirrin ya fita. Yadda suke yin ƙananan duwatsu abin kallo ne. A ɗebo curin narkakken gilashi, a yi masa rami a tsakiya, a manna wani ƙarfe a ɗaya gefen, sai mutum biyu su ja, kowa ya nufi nasa ɓangaren na wani dogon zaure. Curin ya miƙe ya zama siririn bututu mai tsawon mita da yawa, ramin kuma yana nan cikinsa bai toshe ba. In ya huce a daddatse shi, a cusa wa gutsattsarin toka da yashi don kada ramin ya rufe, a juya su cikin zafi har kaifin bakinsu ya mutu. Idan curin an jera masa launuka hawa-hawa aka danna shi cikin mazubi mai siffar tauraro kafin a ja, to kowane gutsure zai fito da tauraron a bakinsa, shuɗi da fari da ja. Wannan shi ne dutsen da ake jingina ƙirƙirarsa ga wata mace, Marietta Barovier, a ƙarshen ƙarni na 15, kuma shi ne sarkin duwatsun fatauci. Shiryawa a zare kuwa aikin matan talakawan Venis ne. Suna zama a ƙofar gida da tiren katako a cinya, da tarin dogayen allurai a hannu guda, suna caka su cikin tulin duwatsu, a biya su gwargwadon abin da suka shirya. Mace ta shirya a can don ta ci abinci, mace ta saya a nan don ta aurar da 'ya.

Turawa sun daɗe suna ba juna labarin cewa da fasassun kwalabe aka yaudari baƙar fata. Wanda ya san cinikin mata ba zai yarda da wannan ba. Matafiya da 'yan kasuwa na ƙarni na 19 sun sha kokawa cewa dutsen da ake rububinsa a wannan gari, a gari na gaba ko kyauta ba a karɓa, kuma wanda aka yi yayinsa bara, bana ya zama kwantai. Ai da masu saye ba su da zaɓi, da babu kamfanin da zai wahalar da kansa da samfuri 20,000. Maƙeran Turai su ne ke bin sawun abin da aka riga aka sani a nan. Murjani na gaske daga tekun Bahar Rum yake, yana da tsada, sai Venis da Bohemiya, yankin da Jablonec take, suka yi na gilashi. Talhatana, wannan dutse mai kusurwa uku da rami wanda matan Abzin da na ƙasar Hausa ke ratayawa, da aƙiƙ aka san shi. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga yanka shi da aƙiƙin Brazil, sannan Jablonec ta zuba shi a mazubi da jan gilashi da kore, daga ƙarshe roba ta zo ta gaje su duka. Kowace tsohuwa ta san bambancin. Takan ɗora dutsen a haƙori ko a kunci: na gaske ya fi sanyi, ya fi nauyi.

Akwai wasu duwatsu masu kauri, marasa sheƙi, galibi ruwan ɗorawa ko kore, da masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai ke kira duwatsun Kano. Ba a Kano aka yi su ba. A Al-Khalil ta Falasɗinu aka yi su, aka kai Masar, suka bi Nilu da hanyar ayari zuwa Darfur da Wadai. A 1937 wani jami'in Ingila a Sudan, A.J. Arkell, ya rubuta cewa matan Darfur sun daina yayinsu, Hausawa 'yan kasuwa suna bi suna saye da arha suna kaiwa yamma. A ƙasar Hausa aka goge bakunansu suka zauna daf da juna a zare, suka sake sabuwar rayuwa. Hanyar ita ce ta alhazan ƙafa, wadda mutanen wannan yanki suka yi ta bi ta Barno da Wadai zuwa Makka, wasu su shekara da yawa kafin su dawo, wasu su zauna can.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin hamada ya durƙushe cikin 'yan shekaru. Kaya suka koma shigowa ta Legas, kantunan Turawa suka biyo gyaɗa har Maraɗi, wadda a 1927 ta karɓe wa Tasawa matsayin cibiyar mulkin yankin. Yanzu abu mai fashewa yana iya isowa. Kwalba ta zo, tabarau ya zo, fitilar ƙwai ta zo, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye kafin zuwan tocila mai caji ya san hukuncin yaron da ya fasa ƙwan fitila. Amma gilashin da ya fi cika ɗakunan mata a ƙarni na 20 ya shigo ne a ɓoye, ba wanda ke kiransa gilashi. Fanteka da langa da kwalla, duk waɗannan kwanoni masu fure ja da shuɗi, ƙarfe ne aka shafa masa garin gilashi aka gasa a zafin da ya kai wajen digiri 800 har ya narke ya manne. Shi ya sa in kwano ya faɗi yake ɓantarewa, baƙin ƙarfe ya leƙo. Da farko daga Turai da gabashin Asiya ake kawo su, sannan wajen lokacin samun 'yancin kai 'yan kasuwar Sin daga Hong Kong suka kafa masana'antunsu a Najeriya, har da Kano. Bangon amarya da aka jere da kwanoni tun daga ƙasa har rufi, bangon gilashi ne.

Barbara Cooper, masaniyar tarihi Ba'amurkiya da ta fitar da littafi a 1997 kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta bi sawun wannan sauyi daga ƙore zuwa kwanonin kanti, ta nuna cewa kayan ɗaki ba ado ne kawai ba: su ne ke faɗin darajar mace da yawan mutanen da ke bayanta. Uwa takan fara tari tun yarinya na tallan ƙosai, da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli da ɗan akuyar da ta haihu. Ranar jere, gwaggwanni da yayye su ke tafiya gidan ango, amarya ba ta nan. A share, a kafa gado, a jingina kabad mai ƙofar gilashi inda duk wanda ya ɗaga labule zai fara gani. Farantai a tsaye a kan gefensu don furen ya fito, tambulan a kife shida-shida, babban kwanon gilashi mai murfi a tsakiya, ba a ma ɓare takardar kamfani daga jikinsa ba. Wata ta ja da baya ta ƙare wa abin kallo.

"Yaya, wannan jeren na sama ya karkace."

"Ke dai miƙo mini na Gwaggo. Nata za a sa a gaba, in ta zo gani kada ta neme shi ta rasa."

Kowane abu a kabad ɗin an san wadda ta kawo shi, kuma za a rama ranar bikin tata 'yar. Yawancinsu ba za a taɓa cin abinci a ciki ba. Ana fito da su a goge a mayar, baƙi su kalla ta bayan gilashi, yara su sha tsawa in sun matso. Wanda ya taɓa shiga gidan tarihi ya san wannan doka. Wani abin sha'awa, kwanon Pyrex da ya zama abin alfaharin kabad, kamfanin Corning ne ya fito da shi a 1915, kamfanin da ya gina wancan gidan tarihi na Amurka. Kwanonin Luminarc da Duralex daga Faransa suke, yau kuma na Sin da na Turkiyya sun cika kasuwa, ta Kano ko ta Kwatano. Maza ba su da kabad. Nasu rabon shi ne 'yan kofunan shayi, waɗanda ake ɗaga buta sama a tsiyaya musu har kumfa ta tashi, kuma su kam ba sa tsufa, fashewa suke yi.

Sai dai wannan ajiya ta mata tana da wani aiki da gidan tarihi ba shi da shi. Ita ce asusun gida. Ƙasar Mayahi da arewacin Tasawa ƙasar jigawa ce, damina ɗaya, gero da wake, kuma in ruwa ya ɗauke da wuri rumbu ba ya kai wa baɗi. An ga haka a 1973 da 1974, an gani a 1984 da 1985, yunwar da aka raɗa wa El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, an sake gani a 2005. A irin wannan shekara ana fara sayar da kaji da awaki, maigida ya tafi cin rani, sannan a juyo kan ɗaki. Dillaliya ta ɗauki kwanoni ta zaga gidajen masu hali. Abin da ake bari sai ƙarshe shi ne ƙullin tsumman nan na ƙasan akwati, duwatsun da aka gada daga kaka.

Farin shekarun 1970 ya zo daidai da wani yayi a can nesa. Tun ƙarshen shekarun 1960 samarin Amurka da Turai suka shiga rataya tsofaffin duwatsun Venis da aka kwaso daga Afirka, masu tara kayan tarihi suka biyo baya, farashi ya tashi. Hausawa, da suka daɗe da sanin wannan kaya, su suka riƙe tsakiyar cinikin. Wani mai bincike, Christopher Steiner, ya rubuta yadda suke gudanar da shi a kasuwannin Abijan, wani kuma, Paul Stoller, ya bi 'yan kasuwar Nijar har titunan Harlem a New York. A ƙauye abin ba shi da hayaniya. Baƙo ne zai yi sallama a ƙofar gida da jakarsa a kafaɗa: "Inna, ko akwai tsofaffin duwatsu na sayarwa?" A aiko yaro da ƙullin, ya kwance a tafin hannu, ya ware uku ko huɗu, ya yi tayi. Kuɗin ya sayi tiya kaɗan ta gero. Ba na ganin laifin Inna, da jikoki ke kuka a gabanta, kuma mai sayen ma abincinsa yake nema. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma doka ba ta da ta cewa a kan abin wuyan da mace ta gada ta ga damar sayarwa. In kaka ta yi kyau za ta sake sayen wani a wurin ɗan koli, sabo fil, na roba ko na gilashin Sin, mai ƙyalli fiye da na da. Tsohon ya riga ya kama hanyar Kano, daga can Lome ko Abijan, daga can jirgin sama.

Da tsofaffin suka yi wuya, sai kasuwa ta nemi mafita. Masana'antun Indiya da na tsibirin Java sun koyi kwaikwayon duwatsun Venis, masu tauraro da masu furanni, kuma akwai masu dirza su da ƙasa su shirya su a igiyar kaba, su shigo da su cikin tsofaffi a sayar wa baƙo a matsayin gadon Afirka. Dillalan da suka daɗe a harkar ba sa kallon furen. Ramin suke leƙawa: sabon Indiya yakan bar farin gari a ciki, ragowar abin da aka shafa wa ƙarfen naɗi. Sannan su shafa bakin dutsen da yatsa, don wanda ya shekara hamsin ko ɗari yana gogar ɗan'uwansa a zare ɗaya bakinsa yakan cinye ya yi sumul, ramin ya ɗan faɗaɗa ta gefen da zaren ke ja, kuma dirza ta kwana biyu ba ta kawo wannan.